Daga Suame Zuwa Ƙetaren Iyaka: Yadda Maƙerin Kayan Gyaran Mota Zai Kama Kasuwar Waje

Mai ƙera kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai da ke Kumasi a ƙasar Ghana, ba sai ya yi doguwar tafiya ba kafin ya ga kasuwar ƙasashen waje, domin kullum ta ƙofarsa take wucewa. Atikuletocin, wato manyan tireloli, da ke ɗaukar kaya daga tashar ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Bamako da Yamai, da yawansu ta Kumasi suke ratsawa, su kama hanyar Offinso, Techiman, Kintampo, Tamale, su ƙetare ta Paga. Direbobinsu sun daɗe da sanin inda za su tsaya a canja musu fallen sifirin ko a ɗaure musu yubol, wato ƙusa mai siffar U da ke riƙe sifirin. Sai dai sayar wa direban da lalura ta tsayar daban ne da aika kaya da sunanka da takardunka zuwa shagon wani dila a Bobo-Dioulasso ta Burkina ko Lome, wata bayan wata, har ya riƙa kiranka da kansa in kaya sun kusa ƙarewa. Wannan na biyun shi ne aikin, kuma galibi ba a hannun kwastan yake lalacewa ba. A bakin tanderu yake lalacewa, ranar da kaya na biyu suka fito ba kamar na farko ba.

Kaya ɗaya, ba ashirin ba

Masana'antar da ke yin duk abin da aka kawo mata, yau salansa, gobe ƙofar tirela, jibi injin niƙa, tana ci da kanta a gida amma ba ta da abin fita da shi. Zaɓi kaya ɗaya, ko dangin kaya ɗaya. Wanda ya dace da mu shi ne mai nauyi a kan kuɗinsa, wanda kuɗin jirgi daga Sin ko Indiya ko Turkiyya ke cin kaso mai tsoka na farashinsa. Wanda ramukan hanya da yawan lodi ke cinyewa da wuri. Wanda babu lantarki a cikinsa. Kuma wanda awo ɗaya ke shiga motoci da dama. Sifirin na manyan motoci da tirela, yubol da kusar tsakiya, bushin roba, durom ɗin birki, salansa, da kayan ƙarƙashin aboboya da pragya, wato babura masu ƙafa uku na kaya da na fasinja, duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. Fulogi da boris da ringin fistin ba namu ba ne tukuna, injinan da ke yin su da awon da suke bukata sun fi ƙarfin jarin yawancinmu. Filta tana jan hankali don ana yawan canja ta, amma takardar cikinta daga waje take zuwa, kuma kwantena ɗaya na cin dubbai, saboda haka mai shigo da ita zai karya maka farashi ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Kafin ka sayi ko kilo ɗaya na ƙarfe domin wata ƙasa, tura mutum wanda ya san ƙarƙashin mota ya je ya zauna a tashoshin manyan motoci da garejojin can. Ya rubuto irin motocin da suka fi yawa, abin da ya fi karye musu, nawa ake sayar da shi, kuma kwana nawa mota ke kwanciya tana jiran sa. Motocin ƙasashen da ke Faransanci ba su zo ɗaya da namu ba: Renault ta fi yawa a can fiye da nan, Howo kuwa ta bazu ko'ina. Tirela ma kowace da irin ƙafarta. Wata faɗin fallenta milimita 90 ne da kaurin 13 ko 16, wata faɗin 100 ne, kuma wannan milimita goman ya isa ya sa mota guda ta kaya ta zauna a shago shekara. Ya sayo samfuri uku na kowane kaya: na asali, na Sin mai araha, da na hannu. Farashinka zai zauna ne tsakanin mai arahar da na asalin. In lissafi ya nuna sai ka sauka ƙasa da mai arahar kafin ka sayar, bar wannan kayan ka nemi wani.

Na ɗari biyar ya fito kamar na farko

Makanikin Magazine gwani ne wajen kallon abu ya ƙera irinsa, kuma wannan baiwar ce ta raya wurin. Dilan waje wani abu yake nema daban: kaya su fito iri ɗaya, ko masta yana nan ko ya tafi Hajji. Wannan yana farawa daga zane. Kowane kaya ya samu takardar zanensa mai lamba, da awo cikin milimita, da iyakar kuskuren da aka yarda da shi. A sifirin, awon da ba a wasa da su su ne tsawo daga ido zuwa ido (ido shi ne zoben da ke kowane ƙarshen sifirin), tazarar ramin tsakiya daga kowane ido, faɗin ramin idon, da zurfin lanƙwasa lokacin da babu lodi. A ƙera wa kowane awo ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, ɗaya dole ya shiga, ɗaya dole ya ƙi shiga, a rataye shi a jikin injin. Da shi ko yaron da ya zo koyon aiki bara zai gane kayan da suka kauce.

Ƙarfen sifirin ba rodi ba ne, ba kuma tsohon sifirin da aka miƙe a wuta ba. Masana'antun narka ƙarfe na Tema rodin gini suka fi yi, saboda haka shigo da naka za ka yi: SUP9, ko 60Si2Mn, ko 51CrV4 in na fallaye masu kauri ne. Kowane ɗauri ya zo da takardar masana'antar da ta narka shi, mai nuna lambar narki da yawan kabon da kuromiyam da manganis da ke ciki. Kada ka tsaya ga takardar kaɗai. Yanki guntu daga kowane sabon kaya ka kai ɗakin gwaji, ko na hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, GSA, ko na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi.

SUP9 ana kai shi digiri 830 zuwa 860, a lanƙwasa shi a kan ma'auninsa, a tsoma cikin mai nan take, sannan a mayar da shi tanderu na biyu a digiri 460 zuwa 510, ya zauna har zafin ya ratsa cikinsa. Taurin da ake nema a ƙarshe yana tsakanin 40 da 45 a ma'aunin Rockwell C. Ido ba ya auna wannan. Jan da ƙarfe ke yi da tsakar rana a fili ba ɗaya ba ne da wanda yake yi da magariba cikin rumfa, shi ya sa mai dogara da launi ke fitar da kaya iri biyu a yini ɗaya. Sa ma'aunin zafi a cikin tanderu, ka sayi injin gwajin tauri ko da na hannu ne, kafin ka sayi motar ofis.

Kowane kuskure a nan yana da irin alamarsa. In aka tsoma a ruwa maimakon mai, ko aka gajarta gashi na biyu, fallen zai yi tauri fiye da kima ya karye farat ɗaya a ramin farko da mota ta faɗa. In aka yi jinkiri tsakanin tanderu da mai, ko man ya haura digiri 80 don an yi ta tsoma kaya ba a bari ya huce ba, fallen zai fito da laushi, ya kwanta cikin 'yan makonni, motar ta karkace gefe guda. In kuwa ya daɗe a wuta, fatar ƙarfen za ta rasa kabon ɗinta, tsaga ta fara daga nan, kuma ba za ta nuna ba sai bayan watanni, lokacin da kayan suka riga suka isa Wagadugu da sunanka a jiki. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, a ware wannan rukunin a sake masa aiki daga farko, kada a cuɗa shi da sauran. Bayan gashi, feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe a fuskar da ke miƙewa ƙarƙashin lodi yana ƙara wa falle tsawon rai ƙwarai. Bayan an haɗa fallayen kuma, a danne sifirin ɗin da injin matsi fiye da nauyin da zai ɗauka, a sake shi, sannan a auna lanƙwasar. Wanda bai sha wannan matsin a masana'anta ba, a ƙarƙashin motar mai saye zai sha shi.

Yubol ana yin sa da ƙarfe mai daraja 8.8 ko 10.9, kuma zarensa murza shi ake yi da injin, ba yanka shi ba. Zaren da aka yanka yana rage kaurin ƙarfe ya bar kaifi a gindinsa, can yake tsinkewa. Mai son ya yi wa 10.9 farin shafen zinki na lantarki don ya yi kyau a shago ya sani cewa iskar haidurojin na shiga ƙarfen a lokacin shafen, ta sa ya tsinke haka kawai kwana kaɗan bayan an ɗaure. Ko dai a gasa shi a wajen digiri 200 na aƙalla awa huɗu da zarar an gama shafen, ko a bar shi da baƙin shafen fosfet da mai.

Bushin da ake yankowa daga tsohuwar taya yana fitar da direba kunya a kan hanya, amma ba kayan da za a sa wa suna a aika waje ba ne. Robar itace muna da ita a gida, kamfanin GREL na nomanta a Yankin Yamma. A dafa ta cikin mazubi a digiri 150 zuwa 160, taurinta ya tsaya tsakanin 60 da 70 a ma'aunin Shore A. Inda mai ke taɓawa ba a sa robar itace, kumbura take yi, sai robar NBR mai jure mai. Durom ɗin birki kuwa baƙin ƙarfen zubi ne mai daraja GG25, kuma abin da ke kashe shi shi ne jefa kowane irin tarkace cikin narki: wurare masu tauri su fito a fuskarsa, su cinye takalmin birki, motar ta riƙa rawa in an taka.

Kowane rukunin da ya fito daga tanderu a buga masa lamba a ƙarshen falle, ba a tsakiya inda nauyi ke taruwa ba. A littafi kuma a rubuta ranar, lambar narkin ƙarfen, zafin tanderu, sakamakon gwajin tauri na aƙalla fallaye uku, da sunan wanda ya yi aikin. Wannan littafin zai yi maka amfani sau biyu nan gaba.

Takardu

Rajistar kamfani, lambar haraji daga hukumar tara haraji ta Ghana, GRA, asusun banki da sunan kamfanin, da rajista a hukumar bunƙasa fitar da kaya, GEPA, ba su da wahala. Abin da ke bukatar natsuwa shi ne lambar kwastan ta kayan, domin a kanta komai yake hawa. Sifirin mai fallaye 7320.10 ne, ba ya cikin 8708 inda yawancin kayan mota suke. Kayan birki 8708.30, lagireto 8708.91, salansa 8708.92, batir na tayar da mota 8507.10, kusoshi masu zare 7318.15. Lambar da ke kan takardar farashi, da ta kan shaidar asalin kaya, da wadda ejan ya shigar, dole su zama ɗaya. Saɓanin lamba guda na iya kwantar da mota a iyaka kwanaki.

Harajin shigo da kaya na bai ɗaya na ECOWAS hawa biyar ne: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Mai kawo kaya daga Sin yana biya. Kai kuwa in kayanka sun shiga tsarin sassauta ciniki na ƙungiyar, ETLS, ba ka biya, kuma wannan ratar ita ce babbar ribarka a kansa. Ana neman shiga ta hannun kwamitin amincewa na ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje a Accra. Za su zo su ga masana'antar, su duba lissafin kuɗin ƙira, su aika Abuja a sanar da sauran ƙasashe. Kowane kaya da amincewarsa. Ta sifirin ba ta rufe yubol. Abin na cin watanni, don haka a fara shi tun ana gyara tanderu. Bayan nan kowane lodi yana tafiya da takardar shaidar asali daga ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta ƙasa, GNCCI.

Tunda ƙarfenka na waje ne, hanya biyu gare ka ta zama ɗan gida. Ta farko, bisa ƙa'idar ECOWAS ta 2003, ita ce aikin da ka ƙara ya kai kashi 30 cikin ɗari na farashin bakin masana'anta kafin haraji. A ce farashin sifirin ɗaya sidi 1,000 ne, kayan wajen da ke cikinsa, ƙarfe da fenti da sauransu, sun ci 640. Ka ƙara 360, wato kashi 36, ka wuce. In dala ta tashi kayan wajen suka koma 720 kai kuma ba ka motsa farashi ba, ka faɗo kashi 28. Hanya ta biyu ta fi kwanciyar hankali, wato canjin lamba: ƙarfen ya shigo a 7228, ya fita a 7320. Akwai jerin kayan da aka keɓe daga wannan ƙa'idar, a duba shi tare da kwamitin.

Ga wani tarko da mutane ke faɗawa. Yankin ciniki marar haraji yana da daɗin ji: dokar 1995 ta ba da hutun harajin riba na shekara goma ga wanda ke fitar da aƙalla kashi 70 na abin da yake ƙerawa. Amma ƙa'idar asalin kaya da ECOWAS ta kafa a 2003 ba ta ɗaukar abin da aka ƙera da kayan da aka yafe wa harajin shigowa a matsayin ɗan gida. Wanda kasuwarsa maƙwabta ce ya zauna da mai lissafi ya auna wanne ya fi kafin ya sa hannu. A kuma tuna, ETLS harajin shigowa take ɗagewa, ba VAT ba. Dilanka zai biya kashi 18 a Burkina Faso da Togo da Kwaddibuwa, 19 a Nijar, 7.5 a Najeriya.

Ana shigar da bayanin fita a ICUMS, tsarin kwastan da ke aiki tun 2020, tare da takardar alkawarin dawo da kuɗin kayan ta banki cikin wa'adin da Bankin Ghana ya gindaya. Wanda ya karɓi kuɗinsa a jaka a bakin iyaka, a takarda bai dawo da komai ba, kuma lodinsa na gaba na iya maƙalewa.

Sunanka kuma ka yi masa rajista kafin kaya su yi suna, don da zarar sun karɓu za a buga irinsu. Rajista ɗaya a ofishin OAPI, hukumar kare sunan kaya da ke Yawunde, tana rufe ƙasashe 17, ciki har da Burkina, Togo, Kwaddibuwa, Mali, Nijar da Benin, na shekara goma. Najeriya rajistarta daban. Da sunan kamfaninka za a yi, ba da sunan dila ba, komai amincinku.

Wace ƙasa ce farko

Burkina ce ta fi kusa ta fuskar sabo. Daga Kumasi zuwa Wagadugu wajen kilomita 750 ne ta Paga da Dakola, tashar iyaka ta ɓangaren Burkina, mai zuwa Bobo kuma yana iya bi ta Wa da Hamile. Motocinsu sun san Magazine, sun san aikinmu. Sai dai Burkina da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa ETLS har a ga yadda za ta kaya, su kuma ƙasashen uku sun sa sabon harajin kashi 0.5 a watan Maris na 2025. Saboda haka kafin kowane lodi ya tashi, ejan na Dakola ya faɗi abin da ake biya a wannan makon. Batun tsaro kuma, ka miƙa kaya a Wagadugu ko Bobo, rarrabawa cikin ƙasa ka bar wa ɗan ƙasa.

Lome tana da tasharta ta ruwa, kayan Sin na sauka da araha, don haka can da sauri za ka yi gasa: dila ya nemi guda hamsin ya same su cikin mako, maimakon ya ɗaure kuɗinsa a kwantenar da zai jira wata biyu. Kwaddibuwa ta fi su kuɗi, ana shiga ta Elubo, ko daga nan ta Sunyani da Dormaa zuwa Gonokrom. Tana neman shaidar inganci kafin a yi lodi ga kayan da ke cikin jerinta, kuma tun 2018 ta taƙaita shekarun tsofaffin motocin da ake shigo da su, biyar ga ƙananan motoci, goma ga manya, don haka motocin Abijan sun fi namu ƙuruciya, awonsu ma daban.

Najeriya kowa ke hange, amma ita ce ta ƙarshe. Mai saye sai ya buɗe takardar shigo da kaya, Form M, ta bankinsa, kayan su samu shaidar inganci ta SONCAP kafin su tashi. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 iyakokinta na ƙasa a rufe suke, har masu takardar ETLS suka tsaya cik. Wanda ya jingina masana'antarsa da kasuwa ɗaya ya ɗanɗana kuɗarsa. Ga 'yan kasuwar Ladipo a Legas masu shigo da kaya kwantena-kwantena, ga masana'antun Nnewi. Mutanen Nnewi ma akwai abin koyo a wurinsu: fatake ne da suka fara mallakar hanyar sayarwa, sai a shekarun 1980 suka sayo injina daga Taiwan suka koma ƙira, kayan na fitowa shagunan na jira. Mu da ke jin Hausa muna da ƙofa ta Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda harshe da sanayya ke rage rabin wahala.

Yarjejeniyar cinikin Afirka, AfCFTA, wadda sakatariyarta ke Accra, an buɗe ciniki da ita ranar 1 ga Janairun 2021, kuma cikin kayan farko da suka iso Tema a ƙarƙashinta a 2022 akwai batir ɗin mota daga Kenya. Ita tana rage haraji ne sannu a hankali. Ga maƙwabta ETLS ta fi, tunda can tuni babu harajin shigowa. AfCFTA ta ranar da ka nufi Kamaru ko gabashin Afirka ce.

Dila da kuɗi

Kakanninmu fataken goro ba sa sauka gari sai a gidan fatoma, wanda ya san mai biya da mai cin bashi, kuma yake tsaya wa baƙonsa. Dilan ƙwarai haka yake. Nemi wanda ke da sito, yake sayar wa garejoji kai tsaye, kuma makanikai suke ambaton sunansa ba tare da ka tambaya ba. Zai nemi ka ba shi ƙasar gaba ɗaya shi kaɗai. Ba shi gari ɗaya, shekara ɗaya, da mafi ƙarancin adadin da zai ɗauka kowane wata uku, a rubuce cikin Faransanci da Ingilishi. In ya cika, a ƙara masa.

Lodin farko ya zama ƙarami, kuma a raba wasu kyauta ga masu motoci biyu ko uku da ke zirga-zirga a hanya mai wuya, a rubuta lambar motar da ranar da aka ɗaura. Shaidar direban da ya yi wata shida sifirin bai kwanta ba ta fi kowace talla.

Ciniki kuwa, kashi 30 a gaba, saura kafin mota ta tashi. Bashi sai bayan an yi lodi uku ko huɗu lafiya, shi ma da iyaka: kada abin da ke hannun dila ɗaya ya wuce abin da in ya nutse masana'anta za ta iya biyan albashi ta sayi ƙarfe. Ciniki babba a bi ta wasiƙar lamunin banki. Ecobank da Bank of Africa suna da rassa a ɓangarorin biyu, tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022 kuma yana ba da damar biya tsakanin sidi da naira a bankunan da suka shiga.

Kana sayen ƙarfe da dala, kana biyan ma'aikata da sidi, kana sayarwa da sefa. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 cikin shekarar. A 2025 kuma ta sauko daga wajen 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan makonni, wanda ya sayi ƙarfe da tsada ya wayi gari kuɗin da ya karɓo daga waje sun ragu a sidi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya, don haka farashi da sefa ko yuro ya fi zama. Kowace takardar farashi ta ɗauki wa'adin kwana 30, kuma kuɗin gaba na shigowa a sayi ƙarfen wannan aikin a ranar.

A takardar a faɗi inda alhakinka ya ƙare. Ga sabon mai fitarwa FCA Kumasi ya fi sauƙi: ka yi takardun fita, ka ɗora a motar da mai saye ya turo, shi ke nan. DAP Wagadugu, wato kai za ka kai kayan har can, ya fi jan mai saye, amma duk jinkirin hanya a wuyanka yake.

Hanya, da abin da ke dawowa

Sifirin tirela ɗaya yakan haura kilo 50, don haka mota na cika da nauyi tun ba ta cika da ido ba. Iyakar aksul guda mai tayoyi biyu-biyu tan 11.5 ce, kuma akwai sikeli a hanya. Lissafa nauyi kafin lodi, kada a sauke maka kaya a gefen titi. A ɗaure sifirin a kan katako da ɗamarar ƙarfe, a shafa wa zaren yubol man hana tsatsa a rufe shi da hular roba, noti da washa a ƙulle cikin leda tare da shi. Kayan da suka iso da tsatsa bayan kwana goma na damina, dila zai sayar da su a farashin na hannu. Takardar jikin kaya ta ɗauki Faransanci, da lambar kaya, da awo, da motocin da yake shiga.

Ƙorafi zai zo, kuma yadda ka karɓe shi ne zai nuna ko akwai lodi na gaba. Ka ce a turo hoton bakin karayar da lambar rukuni ta WhatsApp. Karayar da ta bi ta ramin tsakiya kusan kullum yubol ne ya saki, ko an mayar da tsoho, ko ba a sake ɗaure shi ba bayan tafiyar farko; shi ya sa ya kyautu ka sayar da sifirin tare da sabon yubol, da rubutun cewa a sake ɗaurewa bayan kilomita 500 zuwa 1,000. Karaya kusa da ido na nuna lodi fiye da kima ko bushin da ya ƙame. Baki mai santsi da layuka kamar zobba, tsaga ce da ta daɗe tana ci. Baki mai ƙyalli da tsakuwa-tsakuwa a sabon falle kuwa laifin gashi ne, naka ne. Buɗe littafi, ka gano sauran 'yan rukunin, ka canja su da kuɗinka tun kafin su karye.

Amfanin littafin na biyu yana wajen masu haɗa motoci. Tun bayan manufar bunƙasa ƙirar motoci ta 2019, Volkswagen ta fara haɗa motoci a Ghana a 2020, Toyota a Tema a 2021, Nissan a 2022, ga kuma Kantanka a Gomoa Mpota. Yawancin kayan da kamfanonin wajen ke haɗawa a akwati suke zuwa, don haka kada ka gina lissafinka a kansu yanzu. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta abin da ake ƙarawa bayan haɗi, kamar bodin a-kori-kura da ƙarfen kariya, da kuma masu ƙera tirela da tankoki. Mai son shiga cikin motar kanta zai fara da shaidar tsarin inganci ta ISO 9001, sannan ta masu kayan mota, IATF 16949, wadda ba a bayarwa sai an ga bayanan aiki na wata goma sha biyu. Ranar da injiniyansu zai zo duba masana'anta, zanen kaya zai nema, da takardun ƙarfe, da shaidar cewa an daidaita ma'aunin zafi da injin gwajin tauri, sannan ya zaɓi lambar rukuni ɗaya daga sito ya ce a nuna masa shafinta.